Wanda Ya Ciro Hajara Daga Ruwa

Nasiru, kai da ƙannenka kun tashi kuna jin labarin jirginmu daga bakin mutum biyu, mahaifiyarku da Kawunku Garba. Daga bakina ba ku taɓa ji ba. In aka ɗauko zancen a falo, ni nake miƙewa in ce zan duba tankin ruwa a saman bene, har ƙanwarka ta taɓa tambayata da Larabci ko tankinmu kullum a lalace yake. Yanzu su biyun ƙasa ta rufe musu ido, ita tana kwance a maƙabartar Baƙi'a nan Madina, shi a Kaduna. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda kuka sani da suka hau jirgin nan, kuma ƙafafuna sun fara gaya min cewa ni ma ba nisa. To ku zauna ku ji nawa.

Jirgin ƙarami ne, ƙarami ƙwarai in aka jera shi da sauran jiragen yaƙi a kwatar Legas. Yana da sunansa na hukuma a rubuce a jikinsa, amma mu 'yan Arewa da ke ciki Auta muke ce masa, har 'yan Kudu suka kama sunan ba tare da sun san ma'anarsa ba. Aikinsa rakiya. Babban jirgi zai ɗauko sojoji ko shinkafa ko magani, Auta ya riƙa bin gefensa, ya wuce gaba ya leƙa, ya dawo baya ya zagaya, da babbar bindigarsa a goshi da ƙanana a gefe. Da yaƙi ya ɓarke a Laberiya aka tura dakarun ƙasashenmu su raba faɗa, muna cikin waɗanda suka raka jiragen sojoji har bakin Monrobiya. Daga nan muka zama 'yan zirga-zirga tsakanin Legas da Firitawun da Monrobiya, mu kai abinci, mu dawo da masu rauni. Wani lokaci sai mu daɗe muna sintiri a bakin teku don kada a shigo da makamai ta ruwa, ba abin da muke gani sai hayaƙin garin da ke ci da wuta. Tsohon jirgi ne tun kafin ya zo hannunmu. Injinansa biyu, na hagu kullum cikin tari yake kamar mai asma. Ni ne hafsan da ke kula da su, shi ya sa kowa Cif yake ce min, kuma daga can mahaifiyarku ta ɗauko sunan da kuka ji tana kirana da shi.

Ni ɗan Yawuri ne, a cikin kwale-kwalen mahaifina na koyi tsayuwa. Garba kuwa Bazazzagi ne, bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin ya naɗe wando ya tsallake ba sai da ya shiga soja. Ranar da aka fara fita da mu teku a makarantar horo, ni na riƙe masa bokiti yana amai. Ni na koya masa iyo. Amma Allah ya yi shi dogo, mai fara'a, mai baki. In ya sa fararen kaya ya tsaya a saman jirgi sai ka ce don shi aka ƙera wurin. Aka ba shi sama, wajen tuƙi da bindiga, ni aka ba ni ƙasa, inda babu taga, ga zafi kamar gidan burodi, rigata kullum cikin baƙin mai. In manya suka zo ziyara, da shi suke musabaha, ni sai su ɗaga min hannu daga nesa. Ban ƙi shi ba. Abokina ne, kwano ɗaya muke ci, tare muke jam'i mu biyu a wani lungu kusa da ɗakin ajiya. Amma tun a lokacin akwai abin da ke motsi a ƙirjina in na ji ana kiran sunansa.

Ranar da abin ya faru da hantsi aka fara. An turo wani babban jirgin kaya ya kwashe 'yan gudun hijira, mu ne rakiyarsa. Mutane sun cika bakin kwata, mata da yara da tsofaffi da ƙunshin kayansu a ka, wasu sun yi kwanaki a wurin cikin rana da ruwan sama. Sai 'yan tawaye suka fara jefo wuta daga ƙetaren gari, babban jirgin ya kasa matsowa. Kyaftin ɗinmu, wani dattijo Bayarabe marar yawan magana, ya ce a sauke ƙaramin jirginmu mai inji a riƙa ɗebo mutane kaɗan-kaɗan. Ina jin haka na hau sama da gudu, hannuna duk mai.

"Ranka ya daɗe, ni zan je," na ce masa. "A ruwa aka haife ni. Na san yadda ake jingina ƙaramin jirgi da kwata in igiyar ruwa tana bugawa."

"Na sani, Cif," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Amma in injin hagu ya mutu yanzu, a nan za a binne mu duka. Koma ƙasa. Garba zai je."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce, amma da ƙyar ƙafata ta sauka matakalar nan. Duk abin da ya faru a wannan yini ta cikin ƙarfe na ji shi. In harsashin igwa ya faɗa ruwa, jikin jirgi yakan amsa kamar an buga maka ganga a cikin kunne. Injin hagu ya mutu, muka tayar, ya sake mutuwa, muka sake tayarwa, fatar tafin hannuna ta saɓule a jikin bututu mai zafi. Ban ga kwata ba, ban ga mutane ba, ban ga komai ba sai allurar agogon mai tana rawa. Sai bayan la'asar, da muka juya muka nufi tsakiyar teku, sannan na hau sama. Babban jirgin ya cika, ragowar mutanen a kanmu aka zuba su, saman Auta ba wurin taka ƙafa. Aka ce min mun rasa biyu cikin waɗanda suka je da Garba. Shi kuma na same shi a durƙushe, jiƙe sharkaf, ya tallafi kan wata budurwa tana aman ruwan gishiri, yana ce mata da Hausa ta kwantar da hankalinta, ta tsira. Ta buɗe ido ta dube shi. Ina tsaye a bayansa, na ga wannan kallon da idona, kuma ban taɓa samun irinsa daga wurinta ba har ta koma ga Allah.

Ita ce Hajara, mahaifiyarku. Mahaifinta Bakano ne mai sayar da atamfa a kasuwar Monrobiya, a can aka haife ta. An harbe shi a wani shingen 'yan tawaye suna kan hanyar gudu. Yayanta Sani ya jawo ta har bakin kwata, a nan shi ma ya faɗi. A turereniyar sawu na ƙarshe ta zame ta faɗa tsakanin kwata da ƙaramin jirgin. Abin da ta iya tunawa shi ne wani hannu ya damƙi gashinta a ƙarƙashin ruwa, daga nan sai fuskar Garba. Ni na ba ta ɗakina ita da wasu mata, na koma kwanciya a kan buhun tsumma kusa da inji. Ni na riƙa kai mata ruwan zafi da biskit har muka isa Legas. Ni na nemo danginta a Kano, na yi ta zarya har suka ba ni ita. Garba yana da mata a lokacin, shi ya zama babban abokin ango. An ba shi lambar yabo a kan aikin wannan yini, kuma ina so ku riƙe cewa ya cancanta, don sawu bayan sawu ya yi ta komawa cikin wuta ba wanda ya tilasta shi. Ni kuma kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari.

Tun farkon aurenmu na gane irin zaman da zan yi. Yaya Garba take ce masa. Ba ta shafa addu'a ba tare da ta ambaci sunansa ba, a bayyane, ina ji. In ta yi dambun nama, nasa take fara warewa. In ya leƙo gidanmu a bariki, sai ta fito da kwanukan da ni ban san ma muna da su ba. Kada ku fahimce ni a karkace. Ba ta taɓa yin abin da bai kamata ba, ko da ido, shi ma haka. Da ma akwai laifi, da na samu abin kamawa na yi faɗa na huce. Babu. Mace ce tana gode wa wanda ya ba ta rai, kuma wane miji ne zai buɗe baki ya ce a daina? Ta so ni, na sani, ta yi min hidimar da ba zan iya biya ba. Amma tambaya ɗaya ta yi ta cina: da ba shi da mata a lokacin, wa za ta zaɓa? Ban taɓa yi mata tambayar ba, don ina tsoron ta ɗan yi shiru kafin ta amsa.

Da aka haife ka, kusan tare ka koyi cewa Baba da Kawu. A shekarar aka ƙara wa Garba girma, aka ba shi Auta ya zama kyaftin ɗinsa. Wato da safe in sara masa a jirgi, da yamma in dawo gida in tarar ana yi masa addu'a. Ana cikin haka na ji ana neman injiniyoyi a wata masana'antar tace ruwan teku a Yanbu ta ƙasar Saudiyya, sai na ajiye kaki. Kun tashi kuna jin cewa don ku girma kusa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na bar gida. Akwai wannan a ciki, amma ba shi ya fi nauyi ba. So nake in sa hamada da teku tsakanin gidana da Garba. Abin da na bayar a madadin haka kuwa shi ne jirgin. Na san kowace ƙusa a cikinsa, ko barci nake in sautin inji ya canza sai na farka, amma ban sake taka shi ba. Ya ci gaba da aiki ba ni. Ya yi rakiya a yaƙin Saliyo, ya yi sintiri a gaɓarmu, har injin hagu ya yi mutuwar da ba tashi, aka ɗaure shi a kwata tsatsa ta ci, daga ƙarshe aka yanka shi aka sayar wa masu narka ƙarfe. Garba ne ya bugo min waya ya faɗa min. Ni da na fi kowa sanin jirgin ina nan ina tace wa Larabawa ruwan sha, shi ne ya tsaya a kansa ranar da aka yanka shi. Ko wannan sai da na ji kishinsa.

Hamadar kuma ba ta tare komai ba. Daga Yanbu muka dawo Madina, muka kama gida a unguwar Sih, amma duk alhajin da zai koma Kaduna sai an ba shi dabinon ajwa da turare ya kai wa Yaya Garba. Kuka girma ina yi muku Hausa kuna amsa min da Larabci, amma labarin Kawu da kwata da Hausa kuka haddace shi, har da yadda ta ce ruwan ya yi ɗaci.

Shekarar da nake so in tsaya a kanta ita ce wadda matarka ta haifi ɗanka na fari. A lokacin Garba ya yi ritaya da babban muƙami, matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ya zo Umra a keken guragu, ya sauka a wani masauki a unguwar Anbariyya, haihuwar ta zo yana gari. Ni tun cikin yana ƙarami na gama yanke wa raina cewa in namiji ne sunan mahaifina za a sa, Idirisu, mutumin da ya rasu ina bakin Monrobiya ban samu jana'izarsa ba. Ka same ni a falo bayan azahar, ka zauna a ƙasa kana ta juya makullin mota a hannu.

"Baba, Umma ta yi min magana a kan suna."

"To?"

"Ta ce a sa Abubakar. Ya'ani sunan Kawu Garba. Ta ce ba shi da wanda zai ɗauki sunansa, kuma ba don shi ba da babu ni, balle wannan yaron."

"Ba don shi ba," na ce.

"Wallahi Baba in ba ka so, kalas, a bari. Kai za ka raɗa masa suna, abin da ka faɗa shi ne."

Na ce maka zan yi tunani. Ka fita kana murna an rabu lafiya, ba ka san kalmomin nan huɗu sun tsaya min a rai ba. Da injin hagu ya mutu bai tashi ba a ranar, da ita da Garba da lambar yabonsa duk kifi ya cinye. Amma ba wanda ke sa wa jariri sunan mutumin da ya riƙe sufana a inda ba a ganinsa.

Ana saura 'yan kwanaki suna, Garba ya roƙe ni in kai shi ya ga teku, ya ce rabonsa da ita tun kafin ciwon. Na je Anbariyya da sassafe, na ɗaga shi na sa a mota, na naɗe kekensa na jefa a but, muka kama hanyar Yanbu mu biyu kawai. Ya zama ba nauyi, kamar ka ɗauki damin kara. Allah ya yafe min, sai da na ji wani ɗan sanyi a raina ganin yau ni nake ɗaga shi. Muka tsaya a Badar muka yi ziyara. Na tura shi har gaban inda aka rubuta sunayen shahidai, ya sa na karanta masa su don idonsa ya yi rauni. Daga nan muka shiga gonar dabinon wani tsohon abokin aikina, aka yi mana shimfiɗa a inuwa, aka kawo gahawa aka ba mu wuri. Yana kallon ruwan da ke bin lambatu a gindin dabinai ya fara magana.

"Cif, ka ga mutanen can. Shekara fiye da dubu, ba a manta sunan ko ɗaya ba."

"Su ai na daban ne."

"Na daban ne, ba kwatantawa nake ba." Ya ajiye ƙaramin kofin da hannunsa mai lafiya. "Ka tuna Tamuno?"

Sai da na yi lalube a kaina. Wani ƙaramin soja ne daga wajen Fatakwal, gajere, kakkaura, mai yawan waƙar coci in yana goge bene. Yana cikin biyun da muka rasa a kwata.

"Shi ya ciro Hajara," in ji Garba. "Ba ni ba ne."

Na ce masa ya sake faɗa, ya sake.

"Ina riƙe da tuƙi ina ihu a ja baya. Na ga ta faɗa, ban motsa ba. Ba zan iya sakin jirgin ba, kuma ko da zan iya, ka san irin iyon da ka koya min bai kai na shiga ƙarƙashin kwata ba. Shi ya yi tsalle, ba wanda ya sa shi. Ya turo ta sama, ni hannu kawai na miƙa na jawo ta ciki. Kafin ya kama gefe, igiyar ruwa ta haɗa jirgin da ginshiƙin kwata, yana tsakani."

"Amma a jiƙe na same ka."

"Kowa a jiƙe yake ranar, Cif."

"Kyaftin ya sani?"

"Na faɗa masa a ranar, an yi wa iyayensa abin da ake yi. Ita ce ban faɗa wa ba. Da farko na ce yarinyar da ta bar uba a hanya ta bar yayanta a kwata, ba zan ƙara mata gawa ta uku ba. Daga baya kuma…" Ya goge gefen bakinsa da ya karkace. "Daga baya na saba. Ba wanda ya taɓa dubana yadda take dubana. Gidana shiru kamar maƙabarta, gidanka kuwa yara suna rige-rigen ɗaukar min takalmi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu na ji Nasiru zai sa wa ɗansa sunana. Wannan ya yi yawa. Ni ba zan iya kallon idonta in faɗa ba. Kai ka faɗa mata."

Ya ce ya fasa ganin tekun, mu juya. Hanyar Badar zuwa Madina na san ta kamar tafin hannuna, amma ranar ban ga duwatsun ba, ban ga motoci ba. Ban ji tausayin Garba ba, ban ji tausayin Tamuno ba. Daɗi na ji, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Duk kwanukan nan, duk ajwar nan, duk addu'o'in nan, ashe a ƙofar da ba ta dace ba aka yi ta ajiye su. Ina tuƙi ina tsara yadda zan fara, ina sauya kalmomi, ina neman muryar da ba za ta nuna murna ba. Shi yana gefe ya rufe ido, ban san ko barci yake ba.

Na sauke shi, na iso gida bayan la'asar. Na tarar da ita ita kaɗai a kicin, zaune a kan 'yar kujera saboda gwiwarta, tana suyar cincin na suna.

"Cif, ya teku? Yaya Garba ya ji daɗi?"

"Ba mu kai ba. Ya gaji, daga Badar muka juyo."

"Allah sarki."

"Hajara, akwai maganar da nake so mu yi a kan ranar kwata."

Ta rage wuta, ta ajiye cokalin suya, ta juyo gaba ɗaya. Tun da muka yi aure ban taɓa buɗe wannan zance da bakina ba.

"Yau kai ne da kanka?" ta ce. "Na san maganar sunan ce. Na san kana so a sa Baba Idirisu, kuma haƙƙinka ne. Amma bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk wanda ya riƙe hannuna a tafiyar nan mutuwa ya yi. Baba ya riƙe ni, aka harbe shi a shinge. Yaya Sani ya karɓa, ya faɗi a kwata, yatsunsa a cikin nawa. Har na fara cewa ni ce, wani abu ne a jikina. Har yau in na yi mafarkin ruwan nan na farka, abin da ke dawo min da numfashi shi ne in tuna na ukun yana nan da ransa, yana cin tuwo, yana dariya. Shi kaɗai Allah ya bar min don in san ba ni ba ce." Ta share ido da gefen ɗankwali. "To, me za ka ce?"

Maganar tana kan harshena a shirye, na yi mata wanki da guga tun daga Badar. Na dubi hannunta, ya tsufa, ga tabon mai a bayansa. Mai yana ta ƙara a kasko. Na san in na faɗa, Garba zai sauka daga inda ya hau, amma ba ni zan hau ba, kuma ita ba za ta sake barci ba.

"Cewa zan yi Abubakar ɗin ya yi," na ce. "Sunan babban sahabi ne."

"Allah ya saka maka da alheri, Cif."

Ta yi min murmushi ta koma kan suyarta. Ko wannan murmushin, saboda Garba na same shi.

Washegari na koma Anbariyya na same shi a bakin gado yana jira.

"Ban faɗa ba," na ce masa, "kuma kai ma ba za ka faɗa ba. Ka ɗauko tun daga kwata, ka ci gaba da ɗauka."

Ya dube ni. "Cif, wannan hukunci ne ko kyauta?"

"Ni ma ban sani ba."

Ranar suna kana wurin, ba sai na ba ka labari ba. Ka ga na karɓi yaron na ce Abubakar. Ka ga an ɗora shi a kan cinyar Kawunku a keke, ana ta mabruk, barkar Larabawa, ana ɗaukar hoto. Wani likita abokinka ya roƙi a ba baƙi labarin kwata, kai ka miƙe ka bayar, rabi Hausa rabi Larabci, mutane suna kabbara. Abin da ba ka lura da shi ba shi ne Garba bai ɗaga ido daga kan tabarma ba har ka gama, ni kuma ina bayan mutane da butar gahawa ina zuba wa wanda bai nema ba. Bayan wannan yaro 'ya'ya mata Allah ya yi ta ba ku, kai da ƙannenka, sunan Idirisu bai samu mai ɗauka ba har yau. Garba ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Mahaifiyarku ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, ni na riƙa ba ta haƙuri. Ita ma da nata lokacin ya zo ta tafi ba ta sani ba, kuma a kan wannan ban yi nadama ba.

Kada ku taɓa sunan yaron, kuma kada ku rage wa Kawunku daraja. Ya shiga wuta don mutanen da bai sani ba, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ku san cewa akwai wani mutum daga wani ƙauye a bayan Fatakwal, ba addininmu ɗaya ba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma ta hannunsa Allah ya yi ku. Na yi ƙoƙarin tuna fuskarsa sosai na kasa, sai muryarsa kawai in yana waƙa da tsumma a hannu.

Kun ɗauka da na san gaskiya na huta. Ban huta ba. Garba aƙalla mai rai ne, na zauna da shi, na ga furfurarsa, na ga bakinsa ya karkace, na ɗaga shi na sa a mota. Wannan kuwa ba ya tsufa. Ni ina nan a Sih ina lallaɓawa da sanda zuwa masallaci, shi yana can a ƙarƙashin kwata, saurayi mai ƙarfi, ya damƙi gashin matata yana turo ta sama, tun kafin in san sunanta.